Tambaya da Amsa: Me ya sa dattawa ke fifita daushe a kan sabon goro?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikaci ne a wani otal a Accra, amma gidanmu yana Aboabo a Kumasi. A wurin aiki nakan ga baƙi Turawa suna biyan kuɗi masu yawa don kwalbar giyar inabi da ta shekara goma ko ashirin a ajiye, suna shinshinawa, suna kurɓa kaɗan-kaɗan, suna cewa tsufa ne ya gyara ta. Ni ba na sha, sai dai abin ya tuna mini da kakana, wanda ba ya cin goro sai daushe, wato goron da ya daɗe a ajiye. Shin da gaske ajiya tana ƙara wa goro daɗi, ko kuwa al'ada ce kawai irin ta tsofaffi? Kuma yaya zan gane na ƙwarai, domin ina son in kai masa tsaraba idan na je gida?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗana, Allah Ya yi maka albarka da wannan niyya. Giya dai haramun ce gare mu, kuma ka kyauta da ka tsaya iya kallo, amma kwatancin da ka yi yana kan hanya. A fatar inabi da 'ya'yansa akwai sinadarin da ake kira tanin, wanda yake sa bauri, wato ɗaurewar da harshe ke yi idan mutum ya ci ɗanyen abu, kuma irin wannan sinadari yana nan da yawa a cikin goro. Zama yana rage kaifinsa a duka biyun. Saboda haka kakanka ba al'ada kaɗai yake bi ba, bakinsa yana gaya masa gaskiya.

Goron da muke ci, wanda Asantawa ke kira bese, mu kuma muke cewa goron Gwanja, yana fitowa ne daga kurmin Asante da Ahafo, kuma babbar kakarsa takan faɗo tsakanin Oktoba da Disamba. Idan aka fasa kwanson, sai a jiƙa 'ya'yan ko a tara su har farar fatar da ke jikinsu ta ruɓe ta saɓule, a wanke, a zuba a kwando na 'yan kwanaki su yi gumi. Goron da ya tsaya a nan shi ne sabo: ruwa ne cike da shi, ɗacinsa yana da zafi, baurinsa kuma yana kama harshe. Daushe kuwa shi ne wanda aka rufe da ganyen fita, aka yi ta renonsa wata da watanni har wata kakar ta riske shi. A wannan zaman ruwansa yana raguwa sannu a hankali, jikinsa yana tsukewa, ɗacin yana kwantawa, sai garɗin da ke ƙarƙashi ya fito.

Na ce reno da gangan, domin a nan ne mutane da yawa suke kuskure, suna zaton tsufa kaɗai ke mayar da goro daushe. Ina yaro nakan zauna kusa da wani dattijo mai sayar da goro a unguwarmu, kuma har yau ina tuna yadda yake kwance huhun goro a kan tabarma da sassafe, yana ɗaukar goro ɗaya bayan ɗaya, yana juya shi tsakanin yatsu, yana neman ɗan ƙaramin rami ko baƙin tabo na sankara, wato ɓarnar ƙwaron goro. Duk wanda ya samu da tabo sai ya ware shi gefe, domin ƙwaro ɗaya yana iya lalata huhu guda. Daga nan ya sauya ganyen da ya bushe, ya ɗan yayyafa ruwa, ya sake ɗaurewa, ya mayar inuwa. Ruwa ya yi yawa, goro ya yi tsiro ko ya yi fumfuna. Ya yi kaɗan, ya yanƙwane ya zama itace. Wannan wahalar, da asarar da ake yi a hanya, su ne suka sa daushe ya fi tsada, kuma a ganina ya cancanci kuɗinsa.

Wannan gwaninta gadonmu ce. Fataken da suke ɗauko goro daga kasuwar Salaga zuwa Kano sukan yi watanni a hanya da jakuna, suna kwancewa suna dubawa a zango-zango, don haka goron da ya isa ƙasar Hausa ya riga ya kwana biyu, kuma a kansa bakin mutanen can ya saba. Bayan Turawan Ingila sun ci Asante da yaƙi a 1874, sannan yaƙin basasar Salaga ya biyo baya a 1892, 'yan kasuwa suka watsu zuwa Kintampo da Kete-Krachi, daga baya har Kumasi da Accra, suka taho da sana'ar zuwa zangunan da muke zaune a ciki yau.

Game da zaɓe, ka je wurin masu goro da kanka a Kumasi, kada ka aika yaro. Ka ɗauki ɗaya ka auna a tafin hannunka: na ƙwarai yana da nauyi daidai girmansa, fatarsa a miƙe take, ba ta da rami. Ka nemi izini ka ɓare shi. Goron Gwanja gida biyu yake rabuwa, ya ba da 'yar ƙara, kuma cikinsa ya kamata ya zama tas, babu baƙi babu gari. Idan ya rabu uku ko huɗu, ko ka ji yauƙi a baki, to wani iri ne daban, irin su hannunruwa. Ka shinshina shi sosai, kuma wannan gargaɗi ne da nake yi da babbar murya: akwai masu zuba maganin ƙwari a cikin huhu don gudun asara, saboda haka duk goron da ka ji yana warin magani ka bar shi komai kyansa da arharsa.

Sannan ka gutsuri kaɗan, ka tauna a hankali, kada ka yi saurin yanke hukunci. Daushe yana karyewa ƙaras a haƙori, ɗacinsa yana zuwa da farko ba tare da ya shaƙe maƙogwaro ba, bayan ɗan lokaci kuma sai wani zaƙi ya taso daga bayan harshe. Ka kurɓi ruwa a kai, za ka ji ruwan ya yi zaƙi kamar an sa masa sukari. Fari ya fi laushin ɗaci a bakin yawancin masu ci, shi ya sa ake girmama baƙo da shi, amma akwai dattawan da ba sa yarda da komai sai ja, don haka ka tambayi mutanen gida wanda kakanka ya fi so.

Kada ka sayi mai yawa. Goro yana ɗauke da sinadarin kafeyin kimanin kashi 2 zuwa 3 cikin 100, wanda ke hana barci da sa bugun zuciya, kuma idan tsohon yana da hawan jini gara a rage masa. Rabin ƙwarya, wato guda 50, ya ishe shi kwanaki masu yawa. Ka ce wa mai goron ya ɗaure maka a ɗanyen ganye, kada ka sa a leda ko firji, ka ajiye a wuri mai sanyi har ka miƙa masa da hannu biyu.