Me ya sa Jamusawa suka kushe fim ɗinsu da ya ci Oscar?

Tambaya: Malam, na kalli All Quiet on the Western Front a Netflix, ya girgiza ni matuƙa. Sai kuma na ji wai a Jamus, inda aka shirya shi, masu sharhi sun yi masa kaca-kaca. Me ya jawo haka?

Amsa: Abin da ka ji gaskiya ne. A 2023 fim ɗin Edward Berger ya kwashe kyaututtukan BAFTA 7 a Landan da Oscar 4 a Amurka, amma a gida jaridu irin su Süddeutsche Zeitung suka ce ya ci amanar littafin da aka ciro shi daga ciki.

Littafin na Erich Maria Remarque ne, kan Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya fito a 1929, kuma Jamusawa da yawa tun a makaranta suka karanta shi. Da shi suka auna fim ɗin.

Babban ƙorafinsu ƙarshen labarin ne. A littafi, Paul, matashin sojan Jamus da labarin ya ginu a kansa, ya mutu a watan Oktoba na 1918, ranar da fagen daga ya yi tsit, har rahoton soja ya ce babu wani sabon labari. Yaro ya tafi, ba wanda ya ko lura. Berger kuwa ya ƙirƙiro wani janar mai taurin kai da ya tura sojoji farmaki ana dab da tsagaita wuta ranar 11 ga Nuwamba, aka soke Paul saura ƙiris ƙarfe 11 ta buga a daina yaƙin. Hakan yana sa zuciyar mai kallo ta yi ta dukan uku-uku, amma ya tattara laifin yaƙi ya ɗora wa mugu guda.

A ganina, abin da ya fi ciwo shi ne cire hutun da Paul ya je gida. A can ne ya tarar da mahaifiyarsa kwance ba lafiya, dattawan gari kuma, waɗanda ba su taɓa jin warin albarushi ba, suna koya masa yadda za a ci Faransa. Remarque ya nuna da hannun mutanen gida a cikin jinin. Fim ɗin ya bar malamin makaranta mai zuga yara su shiga soja, ya sallami sauran.

Duk da haka kada ka raina abin da ya taɓa ka. Dubi farkonsa: an tuɓe kakin sojan da ya mutu, an wanke jinin, an ɗinke hudar harsashi, an miƙa wa Paul da sunan mamacin a jiki. Wannan babu shi a littafi, aikin Berger ne, kuma ya yi kyau ƙwarai.