Amsa ga 'yar'uwa nas kan aikin babban kamfani

Kin ce wani babban kamfanin kula da masu larurar ƙwaƙwalwa ya ba ki aikin duba marasa lafiya ta waya daga ƙauyenku wajen Gumel, ki karɓa ko ki bari? Ki karɓa 'yar'uwa, amma kar ki sa hannu sai sun rubuta miki mutum nawa za ki riƙa gani a rana, da likitan da za ki kira in abu ya fi ƙarfinki.

Na yi shekara 2 da irinsu, albashi kam ba ya latti, sai dai komai nasu da minti ne, minti 30 kowane mutum, ga netwok ɗinmu yana ɗaukewa, mace ta fara faɗa miki abin da ya hana ta barci tun da ta haihu sai lokaci ya cika, wallahi har yau abin na damuna. Ranar da wani yaro ya ce min zai kashe kansa ban samu kowa a ofis ba, ni na nemo yayansa ya kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure cikin dare.