Zafi a gindin yatsun ƙafa: laifin takalmi ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina zaune a Jidda, ina aiki a shagon abaya, kusan a tsaye nake wuni. Kwanan nan ƙafata ta dama ta dame ni. Ina jin kamar na taka tsakuwa a gindin yatsuna, sai zafi kamar wuta, wani lokaci yatsu biyu su yi sanyi su mutu. In na cire takalmi na murza wajen, sai ya lafa. Da na je Umara ma sai da ya tashi a tsakiyar sa'ayi. Na daina sa mai tsini na koma silifas, amma ban ga sauƙi ba. Me ke damuna?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Ban duba ƙafar ba, amma bayaninki ya yi kama ƙwarai da ciwon da likitoci ke jingina wa Thomas Morton, likitan tiyata na Amurka da ya yi bayaninsa a 1876. A gaban tafin ƙafa akwai dogayen ƙasusuwa biyar, kowanne yana ƙarewa a gindin yatsa, kuma a tsakaninsu siraran jijiyoyi ke bi, masu kai ji zuwa yatsu. In kawunan ƙasusuwan suka yi ta matse jijiya ɗaya, sai naman da ke kewaye da ita ya yi kauri, wurin ya ƙara yi mata kaɗan. Ya fi faruwa tsakanin yatsa na uku da na huɗu, kuma ya fi kama mata. Ba ciwon daji ba ne, ki kwantar da hankalinki.

Takalmi yana cutar da wannan jijiya ta hanya biyu. Doguwar dunduniya tana tura nauyin jiki gaba, daidai kan wurin da ke ciwo. Tsukakken baki kuma yana haɗa ƙasusuwan wuri ɗaya. A ganina na biyun ya fi ɓarna, don shi ne ba a lura da shi. Mace za ta ajiye mai tsini ta sayi sau-ciki marar dunduniya, amma bakinsa a tsuke yake, ciwo kuwa yana nan daram. Ki tsaya a kan takarda a zana miki ƙafarki, sannan ki ɗora takalmin a kan zanen. In zanen ya leƙo ta gefe, wannan takalmin ba naki ba ne, komai tsadarsa.

Silifas ɗin da kika koma ya sake miki yatsu, wannan ya yi. Matsalarsa ƙasansa siriri ne, yana lanƙwashewa daidai gindin yatsu a kowane taku, ga shi kina ƙanƙame shi da yatsu don kada ya fita. A kan tayil ɗin shago, wuni guda, hakan bai isa ya hutar da jijiyar ba. Abin da kike buƙata shi ne kambas ko sandal mai faɗin baki, mai kaurin ƙasa wanda ba ya naɗewa a hannu, mai igiya ko maɗauri da zai riƙe ƙafa, dunduniyarsa ƙasa-ƙasa. Ki saya da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ki gwada a tsaye, ki tabbata yatsunki suna motsi a ciki.

A saidaliyya, wato kantin magani, ana samun ɗan matashin da ake liƙawa cikin takalmi. Mutane da yawa suna sa shi a ƙarƙashin wurin ciwon, sai zafi ya ƙaru su ce bai yi ba. Wurinsa ɗan baya kaɗan ne da tudun da ke gindin yatsu, wajen tsakiyar tafi, don ya ɗaga ƙasusuwan ya buɗa tsakaninsu.

Batun Umara kuwa, kai-komo bakwai tsakanin Safa da Marwa ya kusa kilomita uku, ga ɗawafi kafin shi, duk a kan marmara ba takalmi. Mace a cikin harami ba a hana ta safa ba, don haka ki nemi mai kauri wadda ke da roba a ƙasa. In ƙafar ta ƙi, kekunan Harami don irin wannan lalurar aka tanade su.

Ki ba sabon takalmin wata biyu zuwa uku. In babu sauƙi, ki ga likitan ƙashi. Zai matsa ƙafar ta gefe ya ji ko wurin zai yi ƙara ƙas, ƙila ya tura ki hoton sauti, wato sikanin, ko hoton ƙashi don a tabbatar ba tsagewa ba ce. Akwai allurar rage kumburi, tiyata kuma sai an rasa yadda za a yi, domin in aka cire jijiyar, tsakanin yatsun kan daina ji har abada.

Amma Hajiya, in kina da ciwon sukari, ko kuma zafin yana kama ƙafa biyu a tare ya fi tsanani da dare, kada ki jira watannin nan. Ki je a auna jininki a duba ƙafafun cikin makon nan, don wannan wata cuta ce daban ta jijiyoyi, kuma canja takalmi kaɗai ba zai tsayar da ita ba.