Tambaya da Amsa: Ragowar Magani a Injin Haɗa Abincin Dabbobi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin injin niƙa da haɗa abincin kaji mai cin kilo 500 a zubi ɗaya. Wani mai kaji masu ƙwai ya dawo yana ƙorafi cewa ɓawon ƙwansa ya koɗe, daga ja ya koma fari-fari, wai abincina ne. Ni kuwa ban sa wa abincinsa magani ba, na kajin nama kawai nake sa wa. Ta ina laifina zai fito? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ciwon mashaƙo na kaji da tsananin zafi su ma suna koɗar da ɓawo, don haka likitan dabbobi ya fara duba kajin. Amma ka buɗe littafinka ka ga me ka haɗa kafin zubinsa. In abincin kajin nama ne mai maganin kashin jini, musamman nikabazin, to akwai abin dubawa. Kaɗan daga cikinsa ya isa ya koɗar da ɓawo, ya sa gwaiduwa dabbare-dabbare, ya rage ƙyanƙyasa, kuma ragowarsa tana shiga ƙwan da mutane za su ci.

Injin ba ya taɓa zubar da komai ƙarƙaf. Ka kashe wuta, ka leƙa da tocila: za ka ga gari kwance a ƙasan tulun inda fiffiken juyawa ba ya kaiwa, wani ya manne a bango saboda mai ko danshi, wani ya taru a gindin bututun da ke ɗaga abinci sama da bakin ƙofar zubarwa. A ce kilo 10 ya rage. A injin kilo 500 wannan kashi 2 cikin 100 ne na zubi na gaba. In abincin farko yana da miligiram 100 na magani a kowane kilo, na biyu zai ɗauki miligiram 2 a kilo ba tare da kowa ya zuba ba. Tarayyar Turai, a dokarta ta 2009, ta yarda da kashi 1 cikin 100 kawai a abincin kaji masu ƙwai da na dawakai da na kwanakin ƙarshe kafin yanka, kashi 3 ga sauran. Ka ga ka ninka iyakar. Kuma ragowar da ke cikin bututun fita ba ta gauraya da sauran abinci, buhunan farko ne ke kwashe ta.

Gyara mafi arha shi ne jerin aiki. Da safe, injin yana da tsabta, a fara da abincin da ba ya da magani: na masu ƙwai, na shanun tatsa, na ƙarshen kiwo. Mai magani ya zo ƙarshe. In dole sai an koma marar magani a rana ɗaya, a wanke injin da niƙaƙƙiyar masara ko dusa, kimanin kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na abin da injin ke ci, wato kilo 25 zuwa 50 a naka. A juya ta na 'yan mintuna, ta bi duk hanyar da abinci ke bi har bakin buhu. Wannan masarar ta zama mai magani. A ɗaure ta, a rubuta sunan maganin da kwanan wata, a ajiye ta sai zubi na gaba mai irin wannan maganin. A nan ne yawancin masu injin ke yin ɓarna: su yi wankin daidai, sannan yaron shago ya juye masarar cikin abincin masu ƙwai don kada a yi asara.

Wanki ba ya cire abin da ya dunƙule. Sau ɗaya a mako aƙalla a buɗe, a kankare, a share da burushi. Kada a hura da iska, ƙurar magani za ta tashi ta sauka kan buɗaɗɗun buhuna. Ludayi da bokiti da sikelin auna magani su zama nasu daban, kuma buhun da ya taɓa ɗaukar abinci mai magani kada ya koma ɗaukar marar magani. Daga kowane zubi ka ɗebi rabin kilo a leda ka rubuta lamba, shi ne shaidarka ranar da aka zo da ƙorafi irin wannan.

Tambaya: Muna kiwon dawakin hawan sallah. In abincin kaji ya ragu, za mu iya gauraya musu da dusa? Daga Katsina.

Amsa: A'a, ranka ya daɗe, ko kusa. Monensin, wanda ake yawan sa wa abincin kajin nama, guba ne ga doki. Miligiram 2 zuwa 3 a kowane kilo na nauyinsa na iya kashe shi, ke nan dokin kilo 300 da ya ci kilo 6 zuwa 9 na abinci mai miligiram 100 na maganin a kowane kilo yana bakin mutuwa. Ƙasa da haka ma yana lalata naman zuciya, doki ya riƙa gumi da tangaɗi, wanda ya tsira kuma sau da yawa ba ya sake jure sukuwa. Babu makarinsa. Dusar dawakai ma kada a kai ta injin da ke haɗa abincin kaji. Salinomaisin, ɗan uwansa, haka yake kashe talotalo.

Tambaya: Likita ya rubuta mini tiyamulin a ruwan sha, washegari kaji suka kwanta ba sa iya tashi. Jabu aka sayar mini? Daga wata mai kiwo a Jos.

Amsa: Hajiya, duba takardar buhun abincin tukuna. Tiyamulin ba ya haɗuwa da monensin ko salinomaisin ko narasin, domin yana hana hanta narkar da su, sai su taru a jiki su kashe ƙafa. Ana barin kwana 7 tsakaninsu. Ki tsayar da maganin, ki canza abinci zuwa marar magani, ki kira likitan ki nuna masa buhun. Shi ya sa duk mai injin da ya sa magani wajibi ne ya rubuta sunansa da yawansa da kwanakin jira kafin yanka. Buhun da ba rubutu, ki tambayi mai haɗawa baki da baki kafin ki biya, kuma in ya ambaci kuloramfenikol ko furazolidon ki bar masa kayansa, hukumar NAFDAC ta hana amfani da su a dabbobin da ake ci.