Uwar ɗakina ta ce tana azumi, amma tana shan shayi: yaya azumin mabiya Hindu yake?

Tambaya: Ina aikin girki a gidan wasu Indiyawa mabiya addinin Hindu a Kano. Uwar gidan takan ce min "yau azumi", sai kuma in gan ta tana shan shayi da madara, tana cin ayaba. Ran nan na dafa shinkafa da wake, ko kallonsu ba ta yi ba. Ranakun ma ba sa tsayawa wuri ɗaya. Yaya zan gane su, kuma me zan riƙa dafawa?

Amsa: 'Yar'uwa, ba wasa take yi da azumin ba. Abin da suke kira vrat ko upavas ba lallai ne ya zama barin ci da sha daga alfijir zuwa faɗuwar rana ba. Alkawari ne mutum ke ɗauka da safe bayan ya yi wanka, ya ƙulla niyyar irin abin da zai bari da kuma lokacin da zai warware. Mafi tsananinsa shi ne nirjala, ba ci ba ruwa. Akwai na ruwa kaɗai, akwai na cin abinci sau ɗaya a yini. Wanda aka fi yi shi ne phalahar, wato a bar hatsi a tsaya ga 'ya'yan itace, madara, nono da wasu saiwoyi. Da alama shi uwar ɗakinki take yi, kuma ranar da ta ƙi shinkafa wataƙila ranar azumin da suke kira Ekadashi ce.

Sai an fahimci lissafin watansu kafin a gane Ekadashi. Suna raba wata gida biyu: rabin farin wata, daga tsayuwarsa zuwa cikarsa, da rabin duhu, daga cika zuwa ɓacewa. Kowane rabi yana da kwana 15, amma "kwanan" nasu, wanda suke kira tithi, ba awa 24 ba ne. Shi ne lokacin da tazarar wata da rana ke ƙaruwa da digiri 12, kuma tunda tafiyar wata tana sauri tana lafawa, tithi kan ɗauki daga kimanin awa 20 zuwa sama da 26. Yana iya shiga da ƙarfe 3 na rana ya fita da azahar ɗin gobe. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce tithin da fitowar rana ta riska shi ke da wannan yinin. Shi ya sa wani tithi kan mamaye yini biyu, wani kuma ya wuce ba a ƙirga shi ba.

Ekadashi ita ce tithi na 11 a kowane rabi, saboda haka sau biyu take zuwa a wata, 24 a shekara. Ta abin bautarsu Vishnu ce, kuma babban abin da ake ƙaurace wa shi ne hatsi da wake, shinkafa a kan gaba. Ana warwarewa washegari bayan fitowar rana, a wani ɗan taƙaitaccen lokaci da suke kira parana, wanda dole ya faɗo kafin tithi na 12 ya fita. Idan ta ce ki shirya karin kumallo da wuri, kada ki yi nawa, lokacin ne take gudun ya kuɓuce mata. Mafi wuyar Ekadashi ita ce Nirjala ta watan Jyeshtha, wajen Mayu ko Yuni, a tsakiyar zafin Indiya, ba a ko kurɓar ruwa.

Abu biyu kan jawo kuskuren rana. Na farko, agogon Indiya yana gaban na Najeriya da awa 4 da rabi, don haka kalandar da aka bugo a Mumbai tana iya saɓa wa ta Kano da yini guda. Kalandar tasu, panchang, akwai ta a manhajar waya, sai a sa mata sunan garin da ake zaune. Na biyu, mabiya Vishnu na sosai ba sa karɓar Ekadashin da tithi na 10 ya taɓa ta a cikin minti 96 kafin fitowar rana, sai su ɗaga zuwa gobe. Gida biyu maƙwabta na iya yin azumin a ranaku daban, kowa kuma yana kan ƙa'idarsa.

Sauran na wata-wata ba su kai ta yawan mabiya ba: Pradosh a tithi na 13 don abin bautarsu Shiva, Sankashti a tithi na 4 na duhun wata don wani abin bautar, Ganesha, wanda ba a buɗe baki sai wata ya fito, da ranar cikar wata. Wasu kuma da ranar mako suke ɗaure nasu, Litinin don Shiva, musamman a watan Shravana na damina, Talata don Hanuman, shi ma abin bautarsu ne.

Na shekara-shekara su ne za su fi shafar kicin ɗinki. Maha Shivaratri na zuwa a Fabrairu ko Maris, ana yini da azumi a kwana ba barci. Navaratri kwana 9 ne, sau biyu ake yin manyansa, a Maris ko Afrilu da kuma Satumba ko Oktoba, kuma ko waɗanda ba sa azumi kan bar nama, ƙwai, albasa da tafarnuwa har a gama. Janmashtami, bikin haihuwar abin bautarsu Krishna a Agusta ko Satumba, sai tsakar dare ake buɗe baki. Karva Chauth na matan aure ne na arewacin Indiya, don neman tsawon rai ga miji: a ci wani abu kafin asuba, wanda bisa al'ada uwar miji ke aikowa, a yini ba ruwa, da dare a dubi wata ta cikin rariya, sannan miji ya ba ta ruwan farko. Mutanen jihar Bihar ta Indiya suna da Chhath, mai kamun kusan awa 36 ba ruwa.

Za ki lura waɗannan ba sa zagaya shekara kamar yadda Ramadan ke yi. Watanninsu 12 ma kwana 354 ne, amma kusan duk bayan wata 32 da rabi sukan ƙara wata guda don lissafin ya koma daidai da shekarar rana. A 2023 Shravana biyu aka yi. Irin wannan shekarar Ekadashi 26 ce.

Yanzu girkin. A ajiye shinkafa, alkama, masara, gero, dawa, wake da duk danginsa. Dankalin turawa, dankalin Hausa, gyaɗa, madara, nono, man shanu da 'ya'yan itace duk sun halatta. Gishirin gari ba ya shiga, sai gishirin dutse, sendha namak, kuma kada ki ɗauka kanwa ce za ta maye shi. Dunƙulen magi ma a bar shi tunda da gishirin gari a ciki. Garin hing (wani ƙaro mai ƙarfin wari) da ke cikin kayan ƙamshinsu galibi an gauraya shi da garin alkama ko na shinkafa, shi ma a kiyaye. Cokalin da ya juya shinkafar yara kada ya shiga tukunyar mai azumi. Tumatir da kurkum kuwa gida-gida ne, wasu na ci wasu ba sa ci, ki tambaye ta sau ɗaya ki riƙe.

Abincin da ba ya ba da kunya a ranar shi ne sabudana khichdi. Sabudana fararen ƙwayoyi ne da ake yi da sitacin rogo. Ki wanke kofi 1 sau uku har ruwan ya daina fari, ki zuba ruwan da zai ɗan rufe shi kawai, kada ya wuce kofi 1, ki bar shi awa 5 zuwa 6. Idan kin matse ƙwaya ɗaya ta murƙushe ba tauri a tsakiya, ya jiƙu. Ki tsane shi a kwando, ki gauraya da rabin kofi na soyayyar gyaɗa da aka ɓarza, da gishirin dutse da ɗan sukari. Ki narka man shanu cokali 2, ki sa 'ya'yan jira (kayan ƙamshin da Turawa ke kira cumin) da ɗanyen barkono, ki soya yankakken dankali guda 1 har ya nuna, sannan ki juye sabudanan a rage wuta. Minti 4 zuwa 5 ya isa, da ƙwayoyin sun yi garau kamar gilashi a sauke, a matsa lemun tsami. Idan ya cuɗe ya zama kamar danƙo, ko ruwan jiƙon ya yi yawa, ko kin cika juyawa a wuta mai ƙarfi. Gyaɗar ce ke shanye damshin ta raba ƙwayoyin, saboda haka kada ki rage ta.