Amsa ga mai son sanyaya kwamfuta da ruwa a ƙaramin akwati

Ɗan'uwa, na karanta tambayarka a tsanake. Ka ce akwatin da ka saya bai kai lita 12 ba, takardarsa ta nuna yana ɗaukar lagireto mai lamba 240, kuma kana so ruwa ɗaya ya bi ta kan furosesa da katin hoto, sai dai kana shakkar ko famfo da tanki za su sami wurin zama. Na haɗa irin wannan kwamfuta sau uku, kuma abin da zan fara gaya maka shi ne, manyan kayan da kake jin tsoro ba su ne za su ba ka wahala ba. Wahalar tana wajen ƙananan mahaɗan tiyo, da kan sukuru, da ɗan wurin da yatsunka za su shiga su ɗaure su, waɗanda babu takardar da ke lissafa su.

Lambar 240 da ke jikin lagireto ba tsawonsa ba ne, lissafin fanka biyu ne masu milimita 120 kowace. Idan aka haɗa da ƙananan tankunan da ke bakinsa biyu, tsawon yakan kai milimita 275 zuwa 280. Haka kuma kaurinsa: siriri yakan yi kusan milimita 30, fanka ta yau da kullum 25, ka ga sun cinye 55 tun kafin a zo maganar tiyo. Akwai siraran fankoki masu milimita 15 da za su rage maka goma, amma sai sun ƙara gudu kafin su tura iskar da masu kauri ke turawa, gudun kuwa yana zuwa da ƙara. A aikina na farko duk wannan na auna shi daidai, na yi ta murna, sai da na zo ɗaura mahaɗi mai lanƙwasa a bakin lagireton na tarar ya fito waje da kusan santimita uku, ya tokare gefen katin hoto, murfin akwati ya ƙi rufuwa saboda abin da bai kai kaurin farce biyu ba. Mako biyu kwamfutar ta yi a buɗe a kan tebur ina jiran wani mahaɗin mai gajeren wuya. Tun daga ranar ba na sayen komai sai na yanka kwali daidai girman kowane abu, har da mahaɗan, na jera su a cikin akwatin na rufe murfin na gani.

Ka kula da sukurun fanka musamman idan ka koma masu milimita 15, domin sukurun da ke zuwa da lagireto an yi su ne don fanka mai kauri, kuma idan ka murɗa dogo har ƙarshe zai iya huda hanyar ruwan da ke ƙarƙashinsa.

Game da famfo, iri biyu ne suka fi yawa a hannun mutane, wato D5 da DDC. Na farkon ya fi shiru, kuma ruwan da yake turawa shi ke sanyaya shi, amma jikinsa babba ne. DDC ƙarami ne, yana da ƙarfin tura ruwa ta ƙuntatacciyar hanya mai lanƙwasa da yawa, wanda shi ne halin ƙaramin akwati, sai dai gindinsa yana ɗaukar zafi, don haka yana son ƙarfen sanyaya a ƙasa da ɗan iskar da za ta ratsa shi. A akwati irin naka ni DDC zan zaɓa, ko kuma irin farantin furosesa, wato ƙarfen da ake ɗorawa a kan furosesa ruwa ya ratsa shi ya kwashe zafi, da ke ɗauke da famfo da ɗan tanki a kansa, wanda yake raba ka da neman wuri na dabam. Idan ba ka sayi na'urar rarraba wuta ba tukuna, ka ɗauki ƙaramar da ake kira SFX mai zurfin milimita 100, ka bar SFX-L mai 130, domin sau da yawa wannan tazarar ta 30 ita ce mazaunin famfo.

Jerin da ruwa zai bi, ko furosesa ne farko ko katin hoto, ba ya canza zafi yadda za ka lura, saboda haka ka bi hanyar da ta fi gajarta. Doka ɗaya ce ba a karyawa: ruwa ya riƙa sauka daga tanki zuwa bakin famfo, domin famfon da ya juya babu ruwa yana lalacewa nan da nan.

A kan tiyo kuwa ra'ayina a fili yake, kada ka fara da mai tauri, duk kyansa a hoto. Na roba mai laushi mai milimita 10 a ciki da 16 a waje yana jure lanƙwasa, alhali mai 10 da 13 yakan murƙushe a kwana mai tsanani ya toshe ruwa. Akwai kuma dalilin zafi. Lagireto guda ɗaya da ke ɗauke da furosesa da katin hoto tare zai sa ruwanka ya fi na babban akwati zafi ƙwarai, tiyo mai tauri irin na robar PETG kuwa yana laushi idan ruwa ya yi zafi sosai, har ya iya zamewa daga mahaɗinsa. Su kansu famfunan an ƙayyade musu kada ruwa ya wuce digiri 60. Saboda haka ka saka ma'aunin zafin ruwa a ɗaya daga cikin ramukan G1/4, wato ramukan da ake murɗa mahaɗan tiyo a cikinsu, ka sa gudun fankoki ya bi zafin ruwan maimakon na furosesa da ke hawa da sauka kowace daƙiƙa, sannan ka rage wa katin hoto wutar da yake sha. Ni na fi son in rasa ɗan ƙarfin da idona ba zai gani ba, da in zauna kusa da fankar da ke ihu. Kada kuma ka haɗa alminiyam da jan ƙarfe a layi ɗaya, domin alminiyam ɗin zai ciwu a hankali.

Abin da na fi nadama a aikina na biyu shi ne ban tanadi wurin zuba ruwa da na zubar da shi ba. Komai ya shiga, ya yi kyau, amma bakin tankin ya koma ƙarƙashin lagireto, sai da sirinji na riƙa ɗura ruwa kaɗan-kaɗan, ranar canza ruwa kuma dole na cire tiyo a saman babban allo, wato allon da furosesa ke zaune a kai, na tare da tsumma, gabana yana faɗuwa. Ka sa mahaɗi mai baki uku a wuri mafi ƙasa da ɗan makunni ko marfi, ka bar wani bakin a sama wanda hannunka zai kai ba tare da ka kwance komai ba.

Kafin ruwa ya shiga, ka gwada yoyo da iska, da ɗan famfon hannu mai agogo, ka hura har allurar agogon ta nuna matsin iska kusan rabin “bar”, ka jira minti goma sha biyar ka ga ko allurar ta sauka. Wajen cikawa ka cire wayoyin wuta daga babban allo da katin hoto, ka haɗa fil na 16 da na “ground” a filogi mai fil 24 na na'urar rarraba wuta don famfo kaɗai ya tashi, ka riƙa kunnawa kana kashewa da zarar tanki ya kusa ƙarewa. Iska za ta maƙale a saman lagireto, sai ka ɗauki akwatin ka karkata shi kowane gefe a hankali, wanda shi ne wuri ɗaya da ƙanƙantarsa ke yi maka rana. Ka turo sunan akwatin da tsawon katin hotonka bayan an cire masa fankokinsa, sai mu duba inda famfon zai fi zama.