Gyaran tsofaffin babura a gida: a gwada, amma ba da jarin hatsi ba

Wani ɗan'uwa mai sayar da hatsi a Tudun Hatsi, cikin garin Gombe, ya aiko da wannan tambaya: "Malam, na gaji tsohuwar Honda CG 125 daga mahaifina. Na tashe ta a gida tare da wani bakanike, yanzu duk inda na ajiye ta sai an taya. An nuna mini wata Vespa da wasu Honda biyu a wajen Kumo da Dukku, masu su na son rabuwa da su da araha. Ina so in ciri naira dubu 800 daga jarina in saya, in gyara, in sayar. Me ka gani?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan mahaifi, ya sa ya huta. Na ji daɗi da ka tashi babur ɗinsa maimakon ka bar wa 'yan gwangwan su sare shi su auna a kilo.

Shawarata ita ce kada ka ciri wannan kuɗi, kuma kada ka sayi uku a lokaci ɗaya. Harkar tana da riba, amma ba irin ribar da ka saba da ita ba ce. Buhun masara ko wake da ka saya da kaka, ka san kusan watan da zai tashi, ka san masu sayensa, in ma ka matsu yau kafin la'asar ka mai da shi kuɗi. Tsohon babur ba haka yake ba. Sai ya ci wata uku a hannun gyara, ya sake yin wasu watannin yana jiran mutum ɗaya da zai so shi. Duk tsawon lokacin nan kuɗinka na kwance a zaure, kakar kuma ta wuce ka. Ka lissafa abin da dubu 800 za ta kawo maka a hatsi cikin wata shida; wannan ma asara ce da dole babur ya biya kafin a fara maganar riba.

Sannan ka bambanta mai yabo da mai saye. Masu taya maka babur ɗin Baba a ƙofar masallaci, da yawansu kewa ce ta motsa su, sun tuna zamanin da malamin makaranta ko ma'aikacin En'e ke shigowa gari a kan Vespa. Ka ce wa ɗayansu ya kawo kuɗi gobe, a nan za ka san yawan masu saye na gaskiya. Ɗan acaɓa ba zai saya ba, gara masa sabon Boxer da zai yi ta aiki ba ya kwana a gareji. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, mai neman abin hawa na yau da kullum man da inji ke sha yake fara tambaya. Masu sayenka su ne dattawan da suka yi ritaya, da 'ya'yan da ke son abin tunawa da iyayensu, da wasu matasa masu sha'awa a Kano, Kaduna da Abuja waɗanda za ka samu ta Facebook da WhatsApp. Suna biya da kyau, amma ba su da yawa, kuma sun san kaya.

Cikin ukun da aka nuna maka, in za ka ɗauki ɗaya, ɗauki Honda, musamman in ita ma CG ce. Kamfanin ya fitar da CG 125 a 1975, kuma tun asali don ƙasashe irin namu aka ƙera ta, inda ƙura ta yi yawa, mutane kuma ba sa juye baƙin mai a kan lokaci. Shi ya sa injinta ke da sauƙin kwancewa da jure wahala. Kamfanonin China sun kwaikwayi wannan inji sosai, don haka wasu kayan gyaran kana iya samunsu a nan Gombe, abin da ya gagara a nemo a Kano ko a aika Nnewi. Sai dai ka riƙa zuwa da tsohon ƙarfen a hannunka ana gwadawa, don kama da wane ba ta wane.

Vespa kuwa ta fi kyan gani, ta fi kuma cin kuɗi. Kamfanin Piaggio na Italiya ya fara yin ta a 1946, kuma jikinta na ƙarfen falle shi ne ƙashin bayanta gaba ɗaya, ba kwalliya ce da aka rufa a kan firam ba. In tsatsa ta cinye wurin ajiye ƙafa, to ƙarfin babur ɗin ne ya tafi, kuma ba kowane mai walda ne zai mai da shi daidai ba. Tsohuwar Vespa ana haɗa mata fetur da baƙin mai, giyarta a hannu take da wayoyi, masu gyaranta kuma yawanci sun manyanta, yaran yanzu ba su koya ba. Kafin ka ba da ko sisi, ka nemo bakaniken da ya san ta, ku je tare, ya kwantar da ita ya duba cikinta.

Abin da na fi jin tsoro a kansa shi ne takardu. Babur ɗin da ya shekara ashirin a bayan ɗaki, galibi mai shi ya rasu, kuma ya zama kayan gado. Wanda ya nuna maka shi ƙila ɗaya ne cikin magada goma. Ka kashe kuɗi ka mai da shi sabo, sai wani ɗan'uwansa ya gan shi a titi ya ce ba da yawunsa aka sayar ba. Saboda haka a rubuta takardar ciniki, magada su sa hannu, a yi gaban mai unguwa da shaidu, a rubuta lambar inji da lambar jikin babur kamar yadda suke a ƙarfe. In ka ga alamar an goge lamba ko an sake buga ta, tashi ka bar wurin komai arahar. Daga nan ka je ofishin lasisi a yi canjin suna tun kafin ka sa sufana a jikinsa.

Wajen aikin kansa, fenti ne ƙarshe. Mutane da yawa da shi suke farawa don a gani a yaba, sai kuɗi ya ƙare inji bai tashi ba. A fara da inji da kafireta, sai wayoyin wuta, sai birki da tayoyi. Tsohuwar taya ko da zanenta bai cinye ba, robar ta bushe, a canza. Fentin kuma ka kai wa mai fenti, don ƙurar hunturun Gombe ba za ta bar ka ka yi mai kyau a tsakar gida ba. Ina roƙonka kada a kusanto da wutar walda kusa da tankin da ya taɓa ɗaukar fetur sai an wanke shi sarai, kuma a nisanta aikin daga madafa da wurin wasan yara.

Game da kwalliya, na san matasa na son a yanke bayan babur, a sa salansa mai ƙara, a canza launi. A kan wanda za ka sayar, kada ka yi. Mai biyan kuɗi da tsoka asalin abin yake nema: tankinsa, tambarinsa, fitilarsa, launin da ya fito da shi. Gyaran da za a iya mayarwa, kamar sabunta wuta don fitila ta yi haske ko sake ɗinkin kujera, ba laifi, amma ka adana tsofaffin kayan ka miƙa wa mai saye. Duk abin da ka sa na China ka faɗa masa, duk aibin da ka sani ka bayyana. Ɓoye aibi haramun ne a ciniki, kuma masu wannan sha'awa sun san juna, labari ba ya daɗewa bai zaga ba.

Hanyar da na fi so maka ita ce ka sayar da aikin, ba babur ba. Gidaje da yawa a Jekadafari da Bolari ba za a rasa tsohon babur jingine a zaure ba. Ka nuna musu na Baba, ku yi yarjejeniya: mai shi ya ba da kafin alƙalami na kayan gyara, kai ka kula da aikin, a yanka ladanka tun farko a rubuce, da sharaɗin in an buɗe inji an ga wata ɓarnar za a sake zama. Haka za ka san kasuwa da kuɗin kaya ba tare da jarinka ya motsa ba. Ka riƙa rubuta komai a littafi dabam da na shago, har kuɗin motar zuwa Kano da ladan bakanike. Bayan ka gama biyu ko uku, ribar da ta taru ita za ka sayi Hondar Kumo da ita, in har tana nan kuma magada sun yarda.

Na Baba kuwa, in kana da 'yan'uwa ka tabbata rabonka ne shi tukuna, sannan kada ka sayar. Shi ne samfurin da zai kawo maka aiki, kuma masu ɗaukar hoton biki na iya hayarsa na yini, da sharaɗin kai ko yaronka ne zai kai shi ya dawo da shi.